KWALBAR DA AKE BA KU BAYAN TIYATA: KADA A BINNE TA, A KAI TA GWAJI

Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa a sashen tiyata ya san wannan zama. An shiga da majiyyaci tun da hantsi, dangi suna jere a baranda, kowa ya yi tagumi. Can da rana ta karkata sai ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta kira babban gida. Ta ce aiki ya yi kyau, sa'an nan ta miƙa masa kwalba ko roba mai murfi, ga wani nama a ciki cikin ruwa mai hawa kai, ga takarda guda a haɗe. Ta ce, "Baba, ga abin da aka ciro. A kai shi ɗakin gwajin nama, a biya, in ya fito a kawo wa likita."

To, a nan ne iyalai da yawa ke yin kuskure. Kuɗi ya riga ya ƙare wajen jini da magani da gado. Wani ya ce tun da an cire cutar, me kuma ake nema? Wani ya ga cewa naman jikin ɗan Adam ne, mutuncinsa shi ne a haƙa rami a rufe shi. Wani kuwa ya kai, har ya biya, amma da ya ga majiyyaci ya miƙe sai ya manta da zancen. Bayan wata shida ko shekara ciwo ya dawo, likita ya ce a kawo masa sakamakon wancan gwaji, sai a shiga kallon juna.

Ɗan'uwa mai karatu, abin da ke cikin kwalbar nan shi kaɗai ne zai faɗi sunan cutar. Likitan fiɗa ya gan ta da ido, ya taɓa ta da hannu, amma har shi ma jira yake yi a gaya masa ko mece ce.

LIKITAN DA BA KA TAƁA GANI BA

Mai ba da wannan amsa wani likita ne wanda majiyyaci ba ya ganin fuskarsa. Ana ce da shi likitan fatoloji, watau masanin yadda cuta ke sauya naman jiki. Bayan ya gama karatun likita, sai ya ƙara shekara huɗu ko fiye yana koyon wannan fanni kaɗai. A Nijeriya, Kwalejin Horar da Manyan Likitoci ta Ƙasa da ke Legas, wadda aka kafa a 1979, tana cikin masu ba da wannan shaida. A nan Arewa akwai ɗakunan wannan aiki a asibitocin koyarwa na Zariya da Jos da Kano da Maiduguri da Sakkwato, da wasu manyan asibitoci. Ƙananan asibitoci kuwa can suke aika nasu, ko su ba dangi su kai da hannunsu.

Tushen wannan ilimi a Jamus yake. A 1858 wani likita mai suna Rudolf Virchow ya nuna cewa kowace cuta a cikin ƙwayoyin halitta take barin sawunta, ƙwayoyin da ido ba ya gani sai da madubin likita, watau maikiroskof. Tun daga nan likitoci suka gane cewa wanda ya iya karanta waɗannan sawaye zai iya faɗin sunan cutar da ta bar su.

YADDA NAMA KE ZAMA TAKARDA

Ruwan nan mai hawa kai sunansa fomalin. Wani Bajamushe, Ferdinand Blum, shi ya gano a 1893 cewa yana ƙanƙame nama ya hana shi ruɓewa. Dole ne a tsoma naman cikinsa nan da nan bayan an ciro shi, ruwan kuma ya ninka girman naman kamar sau goma. Naman da aka bari a fili cikin zafin ƙasarmu, ko aka sa shi a ruwan famfo, ko aka daskarar da shi a firji, ƙwayoyinsa narkewa suke yi, ba wanda zai iya karanta su kuma.

Da kwalba ta isa ɗakin gwaji sai a ba ta lamba. Likita ya fito da naman, ya auna tsawo da faɗi, ya tsaga shi, ya duba launi da taurinsa, ya rubuta. Idan yanki ne na hanji, zai shafa tawada a gefen da wuƙar likitan fiɗa ta bi, domin daga baya a gane ko cutar ta kai bakin yanka. Zai kuma bi kitsen da ke jikin hanjin da yatsa yana lalube, yana tsinto 'yan ƙananan kaluluwa, wasu ba su fi ƙwayar dawa ba. Sa'an nan ya yanko 'yan gutsattsari daga wuraren da yake zargi.

Gutsattsarin nan sukan kwana a cikin na'ura. Ta bi da su cikin sinadarai masu tsotse ruwan jikinsu, daga ƙarshe ta cika su da narkakken kakin kyandir. In kakin ya daskare sai a sami ɗan dunƙule mai tauri da nama a tsakiyarsa. Wata na'ura mai kaifin aska ta dinga feƙe shi falle-falle, kowane falle kaurinsa maikiron 3 zuwa 5. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, watau fallen bai kai kashi ɗaya cikin goma na kaurin gashin kai ba.

Sai a ɗora fallen a kan ɗan gilashi a rina shi da rini iri biyu. Na farko daga wani itace na ƙasar Meksiko da maƙwabtanta ake samunsa, yana mai da cibiyar ƙwayar halitta shuɗiya. Na biyu yana mai da sauran jikinta ja-ja. A nan ne likitan fatoloji zai zauna gaban madubinsa ya karanta. Shi ya sa sakamako ba ya fitowa a yini ɗaya kamar gwajin zazzaɓin cizon sauro. Ɗan ƙaramin nama yana cin kwanaki, babba kuwa a sa ran mako ɗaya zuwa biyu, ko fiye in ana bukatar ƙarin rini.

Akwai hanyar gaggawa, wadda Louis Wilson ya kyautata a asibitin Mayo na Amurka a 1905. Ana daskarar da nama a cikin wata na'ura ta musamman, a yanka, a ba da amsa cikin minti ashirin, majiyyaci yana kwance a kan teburin aiki. Amma ko da an yi wannan, sai an sake bin doguwar hanyar a tabbatar.

KAMA DA WANE BA TA WANE

Hanyar abinci doguwa ce. Daga maƙoshi zuwa tumbi, daga nan ƙaramin hanji mai tsawon kimanin mita 6, sai babban hanji mai mita ɗaya da rabi, har zuwa dubura. Cututtukanta suna da yawa, amma kukansu kusan iri ɗaya ne: ciwon ciki, rama, amai, kumburi, jini a bayan gida.

A ce mutum biyar sun zo asibiti, kowa da ƙullutu a gefen dama na mararsa, inda ƙaramin hanji ya haɗu da babba. A hannu duk ɗaya suke, a hoto ma suna iya yin kama. A ƙarƙashin madubi kuwa labari ya sha bamban.

Na farko, aka ga ƙwayoyin halitta sun taru ƙungiya-ƙungiya, tsakiyarsu ta mutu ta yi kamar cuku. Wannan tarin fuka ne na hanji, gama tarin fuka ba a huhu kaɗai yake zama ba. Maganinsa na wata shida ne, ana kuma ba da shi kyauta a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati. Akwai wata cuta mai kama da shi ƙwarai, wadda Burrill Crohn da abokan aikinsa suka bayyana a birnin New York a 1932, ta ci sunansa. Ita maganinta mai rage ƙarfin garkuwar jiki ne. In aka ba mai tarin fuka wannan magani bisa kuskure, an buɗe wa cutarsa ƙofa ke nan.

Na biyu, aka ga ƙwai masu 'yar ƙaya a jikinsu sun maƙale a bangon hanji. Waɗannan ƙwan tsutsar tsargiya ne, wadda ake ɗauka a kududdufi da fadama da magudanar noman rani. Mun fi saninta da fitsarin jini, amma tana kama hanji, har ma akan tsinci ƙwanta a cikin afendis da aka cire. Maganinta ƙwayoyi ne da ake sha a yini ɗaya.

Na uku, aka ga ƙwayar cutar atuni, watau amiba, ta haɗiye jajayen ƙwayoyin jini. Wani lokaci takan tara ƙullutu a hanji wanda ko gwanin likita zai ɗauka daji ne. Maganin kwana goma ya wadatar.

Na huɗu yaro ne ɗan shekara bakwai. Ƙwayoyinsa sun cika fili, shuɗɗa, da ɗigo-ɗigon fari a tsakaninsu kamar taurari da dare. Wannan shi ne dajin da Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Yana girma da sauri ƙwarai, amma yana jin maganin daji da ake sawa ta jijiya, yara da yawa kuma sun warke sarai. Kowane mako da aka ɓata kafin a san sunansa hasara ce.

Na biyar shi ne mai dajin hanji, watau sankara. Shi kuma wata doguwar hanya ce ke gabansa.

Ka ga mutum biyar, ciwo wuri ɗaya, magani biyar. Wanda ya binne kwalbarsa bai san cikin su wane ne shi ba.

Har jarirai ma wannan gwaji yana yi musu rana. Akwai jaririn da zai kwana biyu bai yi kashin farko ba, ciki ya yi ta kumbura. Kimanin ɗaya cikin haihuwa 5,000 ana haifarsa babu ƙwayoyin jijiya a ƙarshen hanjinsa, saboda haka wurin ba ya motsi ya tura bayan gida. Harald Hirschsprung na ƙasar Denmak ne ya bayyana cutar a 1886. Ba a tabbatar da ita sai an ɗebi ɗan nama daga dubura an ga babu ƙwayoyin, likitan fiɗa kuma da wannan gwaji yake sanin inda lafiyayyen hanji ya fara.

GYAMBON CIKI DA ƘWAYAR CUTAR DA AKA ƘARYATA

Babu gidan da ba a san "olsa" ba. Shekaru da dama likitocin duniya sun ɗauka damuwa da yaji da yawan tsamin ciki ne ke kawo gyambon ciki. Sun kuma yarda cewa babu ƙwayar cutar da za ta rayu a cikin tumbi saboda tsaminsa.

A 1979 wani likitan fatoloji a birnin Perth na Ostireliya, Robin Warren, yana duba naman tumbi sai ya ga wasu ƙwayoyin cuta masu lanƙwasa kwance a kan shimfiɗar tumbin. Ya lura duk inda suke akwai kumburi. Wani matashin likita, Barry Marshall, ya haɗa kai da shi, suka raini ƙwayar a ɗakin gwaji a 1982. Da aka ƙi yarda da su, sai Marshall ya shanye ta da kansa a 1984, tumbinsa ya kumbura, aka ɗebi nama aka gani. Sunan ƙwayar Helicobacter pylori. A 2005 aka ba su biyun kyautar Nobel.

Kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da ita, a Afirka ma ta fi haka yawa, galibi tun ƙuruciya ake kamuwa. Yawancinsu ba ta yi musu kome. Wasu takan jawo musu gyambo, 'yan kaɗan kuma daji. A 1994 hukumar binciken daji ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna kawo daji. Wani likitan fatoloji ɗan ƙasar Kolambiya, Pelayo Correa, ya nuna tun 1975 cewa dajin tumbi mataki-mataki yake zuwa cikin shekaru masu yawa: kumburi, sai shimfiɗar tumbi ta sirance, sai ta rikiɗe ta yi kama da ta hanji, sai ƙwayoyi su fara lalacewa, sa'an nan daji. Kowane mataki ana ganinsa a madubi.

Yau ba sai an tsaga ciki ba. Tun 1957, sa'ad da Basil Hirschowitz ya ƙera bututu mai lanƙwasa mai kai haske cikin tumbi, ana zura shi ta baki a leƙa, a tsinko nama kamar ƙwayar shinkafa. Wannan tsinke shi ake kira bayofsi. Dalilinsa kuwa, gyambo mai warkewa da gyambon daji suna iya yin kama a ido. In ƙwayar cutar ce kawai, maganin kwana 10 zuwa 14 ya kashe ta. Saboda haka mai "olsa" da ya shekara yana shan farin ruwan kemis, ga rama, ga amai, ga bayan gida baƙi kamar kwalta, ko abinci yana tsaya masa a ƙirji, ya daina saye a kanti ya nemi a leƙa cikinsa.

"AI BASIR NE"

Kalmar da ta fi kowace ɓata wa mutanenmu lokaci ke nan. Mutum ya ga jini a bayan gida sai ya ce basir ne, ya tare mai tallan magani a tasha ya sayi jarka. Gaskiya ne basir yana zubar da jini, ya kuma fi daji yawa nesa ba kusa ba. Amma dajin dubura ma haka yake farawa, mutum ɗaya kuma yana iya samun su duka biyu.

Ƙididdigar Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a 2022 kimanin mutum miliyan 1.9 ne suka kamu da dajin babban hanji da dubura, kimanin 900,000 kuma suka mutu. Shi ne na uku a yawa cikin dukan ire-iren daji, na biyu a kisa. Likitocin Nijeriya sun daɗe suna rubuta cewa masu wannan ciwo a nan sun fi na Turai ƙuruciya, yawanci a dubura yake kama su, kuma sai ya yi nisa suke zuwa asibiti. Ko a Amurka, bayan an ga yana ƙaruwa cikin matasa, an sauko da shekarun fara bincike daga 50 zuwa 45 a 2021.

Yawancin wannan daji yana farawa ne da ɗan tsiro a cikin hanji, wanda yakan yi kimanin shekara goma kafin ya rikiɗe. In aka leƙa hanji da na'ura aka tsinke tsiron, likitan fatoloji ya ce bai huda bango ba, magana ta ƙare sai dai a riƙa bibiya. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

ABIN DA TAKARDAR KE FAƊI

Idan daji ne, takardar sakamako tana amsa tambayoyi huɗu. Wane iri ne? Ina ya kai a cikin bangon hanji, wanda ke da hawa huɗu daga shimfiɗar ciki zuwa fatar waje? Ya taɓa bakin yanka, ko wuƙa ta zagaye shi duka? Ya shiga kaluluwa? Ƙa'ida ita ce a duba kaluluwa aƙalla 12 kafin a ce babu.

Cuthbert Dukes, likitan fatoloji a asibitin St Mark na Landan, shi ya nuna a 1932 cewa zurfin da daji ya kai shi ke faɗin makomar majiyyaci. A ƙididdigar Amurka, cikin mutum 10 da aka kama nasu bai fita daga hanji ba, kimanin 9 suna nan da rai bayan shekara biyar. In ya riga ya kai hanta ko huhu, ba su kai 2 cikin 10 ba. Wanda aka sami daji a kaluluwarsa yana bukatar maganin daji na wasu watanni bayan tiyata, ko da yana jin garau. Wanda ba a samu ba, sau da yawa tiyatar ta ishe shi. Ban da takardar nan, likita ba shi da hanyar sanin wa zai ba, wa zai ƙyale.

Har wa yau akwai rini na musamman masu bayyana asalin ƙari. A 1998 masu bincike a Japan suka gano alamar wani ƙari da ke fitowa daga bangon tumbi da hanji, a 2002 kuma aka amince da wata ƙwayar magani, imatinib, wadda ke danne shi shekaru da dama. Wani rinin yana nuna dajin hanji mai bin jinin dangi, sai a kira 'ya'ya da 'yan'uwa a duba su tun suna lafiya.

SHIN DAJI BA YA SON ƘARFE?

Ana yawan cewa in allura ko wuƙa ta taɓa daji sai ya fusata ya bazu. Saboda wannan magana mutane da yawa sun gudu daga bayofsi. Abin da ke faruwa shi ne, ana kawo majiyyaci bayan ciwo ya gama bazuwa, a tsinki nama, ba da daɗewa ba ya rasu, sai a ɗora wa ƙarfe laifi. Tsinken nama daga tumbi ko hanji ba ya watsa daji. Watannin da aka ɓata ana jiƙe-jiƙe a gida su ne suka ba shi lokaci.

ABIN DA YA KAMATA IYALI SU YI

Tun kafin a shiga tiyata, a tambayi likita ko za a aika nama gwaji, a ware kuɗinsa tare da na aikin. In an ba ku kwalba, ku duba ruwa ya rufe naman, murfi ya ɗauru, sunan majiyyaci yana jiki, takarda kuma a cike take. Kada a zubar da ruwan, kada a sa a firji, kada a bari yara su taɓa, gama fomalin guba ne. A kai da wuri, a karɓi rasit mai lamba, a tambayi ranar dawowa.

In sakamako ya fito, a kai wa likitan da ya yi aikin, ko da majiyyaci ya koma gona. A ce masa ya yi bayani da Hausa: daji ne ko ba daji ba, an cire duka, akwai sauran magani? A yi hoton takardar a adana. Ɗakin gwaji yana ajiye dunƙulen kakin nan shekaru, saboda haka in za a koma wani asibiti, ko ana son wani likitan ya sake dubawa, da lambar nan za a nemo shi. Ko afendis ne aka cire, a bari a duba, domin wani lokaci a nan ake tsintar tsargiya ko tarin fuka ko ƙaramin ƙari.

Masu ziyarar marasa lafiya, da maƙwabta da ƙungiyoyin mata da ke haɗa gudummawa, su ma su riƙa tambaya, "An kai naman gwaji kuwa?" In kuɗi ne ya hana, to ga wurin da taimako zai yi amfani. Hausawa sun ce gani ya kori ji, a sha'anin ciwon ciki kuwa madubin nan ne mai gani. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.